Daga Sisi Zuwa Satifiket: Su Wane Ne Malaman Rawar Ayalan?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa cin karo da rawar mutanen Ayalan a waya, ko da ba mu san sunanta ba: jerin samari da 'yan mata sun miƙe ƙyam, hannuwa manne da cinya, daga ƙugu zuwa sama kamar an dasa su, ƙafafu kuwa suna dukan dandamali da saurin da ido ba ya iya bi. Kowane ɗaya a jerin nan akwai wanda ya tsaya a kansa shekara da shekaru yana gyara masa dunduniya. Waɗannan malaman ba su cika fitowa a hoto ba, alhali kusan duk abin da ya sami rawar cikin shekara ɗari biyu da hamsin ta hannunsu ya bi. Sau uku aƙalla irin mutumin da ake kira malamin rawa ya sauya, kuma duk sauyin da aka yi sai an rasa wani abu an sami wani.

Shaida mafi shahara a kan malaman farko ta fito ne daga wani Baturen Ingila mai nazarin noma, Arthur Young, wanda ya zaga Ayalan tsakanin 1776 da 1779. Gona da haraji ya je dubawa, amma ya lura cewa talakawan ƙasar kusan kowa na rawa, kuma akwai malamai da ke bin bukkoki ɗaya bayan ɗaya tare da mai busa ko makahon mai goge, ana biyansu sisi a kowane zangon karatu. Dattawanmu da suka riski fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san sisi, rabin sule ke nan. Kuɗi ne kaɗan, amma ga manomin da ke hayar ɗan fili a hannun mai ƙasa, yana ci da iyalinsa da dankalin Turawa safe da yamma, fitar da sisi domin yaro ya koyi taka rawa magana ce babba. Young ya fahimci cewa mutanen sun ɗauki abin a matsayin wani ɓangare na tarbiyya.

A wancan zamani mafi yawan jama'ar ƙasar Katolika ne, mulki kuma yana hannun Furotesta masu biyayya ga Ingila. Tun daga 1695 aka kafa dokokin da suka takura wa Katolika wajen karatu da mallakar ƙasa da riƙe muƙami. Saboda haka karatun talaka ya koma hannun malamai masu zaman kansu, waɗanda ke tara yara a bukka ko rumbu ko gindin shinge, har aka riƙa kiran wuraren makarantun shinge. Malamin rawa a wannan duniyar ya taso. Sau da yawa ɗaki ɗaya suke rabawa da malamin karatu, wannan na koyar da baƙi da lissafi a wani lungu, wancan na ƙirga taku a ɗaya lungun.

Yadda yake aikinsa ba zai zama baƙo ga wanda ya san malamin da ke fita ci-rani ba. Yawanci gwauro ne marar gidan kansa. Zai sauka a ƙauye, wani manomi mai ɗan hali ya ba shi masauki da rumbun da za a yi darasi, a madadin haka ya koya wa 'ya'yan gidan kyauta. Zai yi kamar mako shida, a daren ƙarshe a shirya masa biki a tara masa abin da ya samu shi da mai kiɗansa, gari na wayewa ya ɗaure kayansa sai ƙauye na gaba. Kowane malami yana da yankinsa, kuma shiga yankin wani neman faɗa ne. Idan biyu suka haɗu a kasuwa ko wurin biki suna jayayya kan wani gari, ana ba da labarin cewa da ƙafa ake raba gardama: a cire ƙyauren ƙofa a shimfiɗa, ko a kafa gangar katako, kowa ya hau ya nuna abin da ya iya a gaban jama'a, wanda ya gaza ya bar wa ɗan'uwansa garin.

Ba ya shiga irin ta manoma. Doguwar hula, kwat mai jela biyu, wando iya gwiwa, farar safa, takalmi marar nauyi, da sanda mai kan azurfa, haka waɗanda suka gan su suka siffanta su. Ɗan talaka ne kamar ɗalibansa, amma yana so a ɗauke shi mutumin birni, kuma abin da yake sayarwa ya wuce rawa. Yana koya wa saurayi yadda ake shiga ɗaki, yadda ake rusunawa, yadda ake gaida mace, yadda ake tsayuwa ba tare da an ranƙwafa ba. Marubuci William Carleton, wanda shi ma ɗan makarantar shinge ne daga yankin Tyrone, ya zana hoton wani irin wannan malami da ake wa laƙabi da Buckram-Back, tsohon soja wanda ya sha bulala a bariki har bayansa ya kangare, ya dawo ƙauye yana koyar da ladabin manyan gidaje da lafazin da shi kansa bai gama ƙwarewa a kai ba. Carleton dariya yake yi masa, amma dariyar tana ɗauke da gaskiya. Malaman nan dillalai ne tsakanin duniya biyu. Su ne suka ɗauko rawar rukuni ta Faransa, wadda ta yaɗu a gidajen masu kuɗi bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare a 1815, suka sauya mata kiɗa, suka ƙara mata sauri, suka daidaita ta da faɗin ɗakin girkin manomi. Daga nan aka sami abin da ake kira rawar set, wadda ma'aurata huɗu ke yi suna fuskantar juna.

Dabarun koyarwarsu ma sun shiga tarihi. Yaron da bai bambance dama da hagu ba sai a ɗaura masa busasshiyar ciyawa a ƙafa ɗaya, karan hatsi a ɗayar, malam ya riƙa kiran ƙafar ciyawa da ƙafar kara. Ana kuma cewa wasu na ba ɗalibi duwatsu ya riƙe domin hannuwansa su sauka su natsu. Talakan ɗalibi yana tsayawa a rawar rukuni da 'yan takun farko na jig da ril. Mai hazaƙa shi ake keɓewa a ba shi takun da malam ya ƙirƙira da kansa, domin darajar malami tana ga yawan takun da ya haifa da kyawunsu, kuma taku yana tafiya da sunan mai shi. Babu abin da aka rubuta. Duk ilimin yana cikin ƙafa da ƙwaƙwalwa, idan malami ya mutu bai ba kowa ba, shi ke nan.

Babbar yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankali shekara bayan shekara, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka tsallaka teku. Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan takwas a tsibirin, ta 1851 kuwa miliyan shida da rabi. Waɗanda suka fi mutuwa da gudu su ne ainihin masu biyan sisin nan. Makarantun gwamnati da aka fara kafawa a 1831 sun riga sun fara ture makarantun shinge, limaman coci da yawa kuma sun tsananta wa rawar dare da ta mararraba. Sana'ar ta ragu ƙwarai, wasu malaman suka bi ɗalibansu zuwa Landan, Liverpool, New York da Chicago.

Amma ba ta mutu ba, musamman a kudu maso yamma. A arewacin yankin Kerry an riƙe salsalar malamai wadda ake iya ƙirgawa da suna: wani da ake kira O'Kearin ya koyar da Moore, wanda aka fi sani da Múirín, shi kuma ya koyar da Nedín Batt Walsh, Walsh ya koyar da Jeremiah Molyneaux, wanda mutanen yankin ke kira Jerry Munnix. Molyneaux ya ci gaba da yawon ƙauyuka irin na da har tsakiyar ƙarni na ashirin, ya rasu a 1965, kuma ana lissafa shi cikin na ƙarshe a wannan layi. A shekarun 1980 mai bincike Catherine Foley ta bi tsofaffin ɗalibansa gida-gida tana koyon takun daga ƙafafunsu tana rubutawa. Abin da ta tarar ya nuna yadda ilimin yake a da: kowane tsoho ya ɗan murɗa takun malam ya yi daidai da jikinsa, kuma ana ganin hakan cikar gwaninta ne. Gidan wasan gargajiya na Siamsa Tíre da ke Tralee, wanda Fada Pat Ahern ya jagoranci kafawa, ya ɗauki salon Munnix ya mai da shi harsashin rawarsa. Ba don waɗannan ba, da yau sai dai a ji sunan.

Sauyi na biyu daga birni ya zo, kuma siyasa ce ta kawo shi. A 1893 Douglas Hyde da Eoin MacNeill da abokansu suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge domin ceto harshen Ayalan da Ingilishi ke haɗiyewa. Reshenta na Landan, inda ma'aikatan ofis da malaman makaranta 'yan Ayalan suke, ya ga yadda 'yan Sikotlan ke shirya daren rawarsu, sai shi ma ya shirya nasa a zauren Bloomsbury a 1897, aka kira shi céilí. Abin dariya shi ne masu shirin ba su san rawar ƙasarsu sosai ba. Sai da suka nemo wani tsohon malamin rawa ɗan Kerry da ke zaune a Landan, Patrick Reidy, ya koya musu, daga baya kuma suka tafi Kerry neman ƙari. A 1902 biyu daga cikinsu, O'Keeffe da O'Brien, suka buga littafin koyon rawar. Ilimin da ya rayu a ƙafa ya fara komawa takarda.

A nan ne muke ganin an yi wa malaman da rashin adalci. 'Yan kishin ƙasa suna neman rawar da babu hannun baƙo a cikinta, don haka suka yanke cewa rawar set ta waje ce tunda asalinta Faransa, aka hana ta a tarukan ƙungiya. Rawar da manoma suka shafe kusan shekara ɗari suna yi a ɗakin girki, wadda malaman ƙauye suka gyara da hannunsu, ita aka kora, aka ɗaukaka wadda 'yan birni suka tace. Jaridun lokacin sun cika da musu kan wace rawa ce ta gaske. Dokar zaurukan rawa ta 1935, wadda ta wajabta lasisi kafin a tara jama'a rawa, ta ƙara danne rawar gida, aka koma zauren coci inda fada ke sa ido.

Domin kawo ƙarshen rikicin gasa da na alƙalanci, ƙungiyar ta naɗa kwamitin bincike a 1927, wanda zuwa 1930 ya zama hukuma mai zaman dindindin, An Coimisiún le Rincí Gaelacha. Hukumar ta buga littafin rawar rukuni kashi uku, a 1939 da 1943 da 1969, rawa talatin gaba ɗaya. A 1943 kuma ta fito da jarrabawar malanta, wadda ake taƙaita sunanta da TCRG. Daga ranar, ma'anar malami ta canza. A da, wanda jama'ar gari suka yarda da ƙafarsa shi ne malami. Yanzu sai wanda hukuma ta ba takarda, kuma ɗalibin wanda ba shi da rajista ba ya shiga gasar hukuma, wadda suke kira feis. Har yau jarrabawar tana da wuya: dole mai nema ya kai shekara ashirin, ya yi rawa a gaban masu jarrabawa, ya koyar da yara a gabansu, ya rubuta amsa kan rawa talatin ɗin nan, ya kuma gane kiɗa da kunne ya faɗi sunansa da ma'auninsa. Mai son zama alƙalin gasa sai ya sake wata jarrabawar, ADCRG, bayan ya yi shekaru yana koyarwa.

Wani abin da ya sauya ba tare da wata doka ta ce a sauya ba shi ne jinsin malaman. Masu yawon ƙauyuka maza ne, domin macen wancan zamani ba ta isa ta ɗauki jaka tana kwana gidajen mutane ba. Da makaranta ta zauna wuri ɗaya, a zauren haya ko ɗakin gaba na gida, sai mata suka shigo, kuma cikin 'yan shekaru suka rinjaya. Lily Comerford a Dublin tana cikin sanannun farko. A Cork 'yan gidan McTeggart sun yi suna, ɗaya daga cikinsu, Maureen, ta yi ƙaura zuwa Amurka ta kafa makarantu a can. A Belfast, Patricia Mulholland, wadda gwanar goge ce kafin komai, ta raba gari da hukuma, ta bi hanyarta, tana shirya wasannin rawa masu ba da labarin tatsuniyoyin ƙasar, kuma tana koyar da 'ya'yan Katolika da na Furotesta a aji ɗaya a garin da hakan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibai su ma suka koma yara ƙanana, mafi yawansu mata, maimakon samarin da ke zuwa rumbu bayan an tashi daga gona. Yawancin malaman nan suna da wani aikin da rana, rawa kuwa ta yamma ce da ranar Asabar.

Malaman ba su daɗe suna haƙuri da mulkin mutanen da harshe ya dama fiye da rawa ba. A 1969 wani babban rukuni, mafi yawa daga Dublin da arewa, ya ɓalle ya tsaya da ƙungiyarsa, An Comhdháil, bisa hujjar cewa masu koyarwa su ya kamata su riƙe ragamar sana'arsu. Hukumar da aka bari ta juya ta fuskanci ƙetare. A 1970 ta shirya gasar duniya ta farko a Dublin, ta kuma riƙa tura masu jarrabawa zuwa Amurka da Ostareliya. Malaman Arewacin Amurka sun riga sun kafa tasu ƙungiyar tun 1964. Wannan ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan baƙin haure. Michael Flatley, wanda ya taso a Chicago, ya fara koyo yana ɗan shekara goma sha ɗaya a makarantar Dennis Dennehy, kuma a 1975 ya zama Ba'amurke na farko da ya ci gasar duniya. Jean Butler, 'yar New York wadda mahaifiyarta ta fito daga yankin Mayo, a hannun Donny Golden ta taso.

Su biyun ne suka jagoranci rawar minti bakwai da aka yi a Dublin ranar 30 ga Afrilu 1994, lokacin hutun rabin gasar waƙa ta Eurovision, da kiɗan Bill Whelan, aka kira ta Riverdance. Shekara ta zagayo ta zama cikakken wasa, a 1996 Flatley ya fito da nasa, Lord of the Dance. Abin da duniya ta gani a daren nan aikin malaman zauren coci ne na Chicago da New York da Dublin, waɗanda ba a ambaci sunansu a talabijin ba. Amma daga ranar rawa ta zama aikin da ake biyan albashi, aka kuma sami sabon irin malami: wanda ya yi shekaru yana zaga duniya da ayarin wasa, ya gaji ko gwiwa ta gaza, ya dawo ya zauna jarrabawa ya buɗe makaranta. Irin wannan yana zuwa da abin da magabatansa ba su sani ba, kamar motsa jiki kafin darasi, kula da rauni, da tsara wasa domin idon 'yan kallo. Aka kuma sami malamai a Rasha, Jamus, Meziko da Japan, waɗanda ba su da ko kaka ɗaya daga Ayalan, wasunsu ma a kaset ɗin bidiyo suka fara ganin rawar. A Jami'ar Limerick yanzu ana yin digiri a kanta.

Satifiket ya kawo tsari, ba mu musun haka. Uwar da ke kai 'yarta aji a Sydney ta san malamar ta ci jarrabawa iri ɗaya da ta Cork. Amma gasa ta matse salon. Bambancin da ke tsakanin takun Kerry na ƙasa-ƙasa da na sauran yankuna ya narke, kowa na koyar da abin da alƙali zai ba maki: tsalle mai tsawo, ƙafa a miƙe, tsayuwa kan yatsu. Kuɗin riga mai ado da hular gashi da tafiye-tafiye ya sa abin da aka fara da sisi ya fi ƙarfin iyalai da yawa. Kuma da yake malamai su ne alƙalai, alƙalai su ne malamai, kowa ya san kowa. A Oktoban 2022 jaridun Ayalan suka fallasa saƙonnin waya da ake zargin wasu malamai da alƙalai sun yi musaya domin a ɗaga ɗalibansu a gasa. Hukumar ta sa tsohon alƙalin kotu ya duba, aka tuhumi mutum fiye da arba'in, amma a 2024 ta sanar cewa ba za ta ci gaba da shari'ar ladabtarwar ba. Iyayen da suka kashe dukiya da yaran da suka ba da ƙuruciyarsu ba su sami amsar ko makin da aka ba su na gaskiya ne ba.

A gefe guda kuma, tsohuwar hanyar ta sake tsirowa inda hukuma ba ta kai ba. A Connemara, can yammacin ƙasar inda har yanzu ake jin harshen Ayalan a gida, akwai rawar sean-nós, wato tsohon salo, wadda ake yi da hannuwa a sake da ƙafa kusa da ƙasa, kuma yawanci a wurin uba ko kawu ko maƙwabci ake ɗaukarta. Rawar set da aka kora ita ma ta dawo. A 1982 Joe O'Donovan, mutumin Cork wanda ya gaji rawa a gidansu, ya fara koyar da ita a makarantar bazara ta Willie Clancy da ke Miltown Malbay a yankin Clare, aji ya cika ya batse. Connie Ryan na Tipperary ya bi ƙauyuka yana neman tsofaffin da ke tuna yadda ake set ɗin garinsu, ya ɗauko ya koyar a Dublin da sauran garuruwa da ƙetare har rasuwarsa a 1997. Masu koyar da set a yau ba sa bukatar takardar kowa. Da yawansu suna yawo ne daga gari zuwa gari a ƙarshen mako, a sauke su a gidan wani, su koyar kwana biyu a zauren haya, daren ƙarshe a yi rawa har tsakar dare, da safe su kama hanyar gari na gaba.